Yadda Tashar Jiragen Ruwa Ke Shafar Manomi

Manoma da yawa ba su taɓa ganin teku ba. Amma abin da ke faruwa a bakin teku yana taɓa aljihunsu. Alkama, injin ban-ruwa da wasu sinadaran takin zamani, ta jirgin ruwa suke shigowa Nijeriya. Riɗi, citta da zoɓorodo kuma ta nan suke fita.

Tashar jiragen ruwa ita ce inda jirgi ke tsayawa a sauke kaya ko a yi lodi. Yawancin kayan suna bi ne ta Apapa da Tin Can a Legas. Matsaloli uku ne ke damun waɗannan tashoshi.

Ta farko ita ce tsufa da cunkoso. Tun 1977 aka buɗe Tin Can, Apapa kuwa ta girme ta. Idan kwantena ta daɗe ba a fitar da ita ba, mai kaya yana biyan kuɗin jinkiri kullum. Wannan kuɗi, a kan mai saye yake ƙarewa.

Ta biyu ita ce wuta da mai. Idan babu lantarki, sai a tayar da janareta. Tirela kuma tana shan man gas mai yawa, domin daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne.

Ta uku ita ce kuɗi. Da dala ake sayen kayan waje, kuma da farashin dala kwastan ke lissafa haraji. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a banki. A 2024 ta haura naira 1,500. Shi ya sa kaya suka yi tsada.

Ana ƙoƙarin gyara. A 2023 aka buɗe sabuwar tasha mai zurfi a Lekki. An kuma buɗe tashoshin tudu a Kaduna a 2018, Kano a 2023 da Funtuwa a 2024, domin a riƙa tantance kaya kusa da gida. Sai dai amfaninsu ba zai cika ba sai jirgin ƙasa yana zirga-zirga a kai a kai.

Manomi ma yana da abin yi. Ya busar da riɗi ko citta sosai, ya cire tsakuwa da ƙaiƙayi. Kaya mai danshi yakan yi funfuna kafin jirgi ya tashi, a ƙi sayensa. Manoma kuma su haɗa kai a ƙungiya su sayar tare, domin tsintsiya ɗaya ba ta shara.