Rijiya Mai Ba Da Wuta Da Taki

Akwai wata tsohuwar gardama a gidajenmu na karkara wadda ba a kai ta gaban alƙali, amma kowace shekara sai ta ci wani abu daga cikin rumbu. Gardamar kuwa tsakanin murhu ce da gona. Idan rani ya yi nisa, itace ya yi wuya, kara ya ƙare, uwargida takan aiki yara su tsinto kandilo a makiyaya ta hura wuta da shi, domin tuwon dare ba ya jiran kowa. Maigida yana gani, ya kuwa san abin nan da ke ci a murhu shi ne abincin gonarsa na bana. Duk kashin saniyar da aka ƙona, mafi yawan ƙarfinsa ya bi hayaƙi, sai 'yar toka ta saura, damina ta zo dawa ta fito a tsumbure. Hayaƙin ma ba kyauta yake fita ba, sai ya bi ta idon mai tuƙa tuwo da ƙirjin goyon da ke bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 ne hayaƙin cikin gida ya yi sanadin ajalinsu a duniya.

To, akwai dabarar da ke raba wannan gardama, murhu ya sami wutarsa, gona ta sami takinta, duk daga kashi guda. Ita za mu bayyana yau, da amfaninta da kuma sharuɗɗanta, don sharuɗɗan nan su ne masu talla ba su cika faɗi ba.

Mayar da abin zubarwa abin amfani ba baƙon ilmi ba ne a ƙasar Hausa. Wani malamin ilmin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a ƙauyukan kewayen Kano a shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itace, su fito da mangala cike da taki, watau toka da kashin awaki da sharar gida, a kai gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu. Marina kuma, in rijiyar baba ta mutu, sukan kwashe katsin da ya kwanta a gindinta, a ƙona shi, ya shiga cikin lason da ake shafe wata rijiyar da shi don kada ta yi yoyo. Mai karatu ya riƙe zancen rijiyar marina a ransa, domin abin da za mu faɗa ɗan'uwanta ne.

Wanda ya taɓa caka sanda a cikin taɓon kududdufi ya ga kumfa na tasowa. Kumfar nan iska ce mai kama wuta. A shekarar 1776 wani masani Ba'italiye, Alessandro Volta, ya tara irinta a kwalba daga fadamar wani tafki na ƙasarsu, ya kusantar da wuta, ta kama. Masana suna kiranta metan. Masu yin ta wasu halittu ne ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, ba su kuwa rayuwa sai inda iskar da muke shaƙa ba ta shiga, kamar ƙarƙashin taɓo da cikin tumbin saniya. Saboda haka ɗanyen kashin shanu yana fitowa da su a cikinsa. Aikin ɗan Adam kawai shi ne ya gina musu ɗaki mai duhu da ɗumi, ya riƙa ciyar da su, ya tare abin da suke fitarwa.

Ga yadda ginin yake. Ana haƙa rami, a gina shi da jan bulo da siminti, a rufe samansa da ƙubba wadda aka shafe sarai har iska ba ta samun hanyar tsira. A gefe ɗaya akwai ɗan kwarmi inda ake dama ɗanyen kashi da ruwa, awo ɗaya na wannan awo ɗaya na wancan, har ya yi kaurin kunu, sa'an nan a sake shi ya gangara ciki. Can ya zauna wajen kwana 40 yana ruɓa, iskar tana taruwa a ƙarƙashin ƙubbar, tana danna ruwan ƙasa, abin da ya gama ruɓa yana fita da kansa ta ɗaya gefen. Daga ƙoƙon ƙubba bututu ya ɗauki iskar zuwa madafa. Wajen kashi 60 cikin 100 na iskar metan ne, shi ke ci, saura kuwa mafi yawa iska ce marar cin wuta, da ɗan abin da ke sa ta warin ruɓaɓɓen ƙwai kafin a kunna. In an kunna, harshen wutar shuɗi ne, ba hayaƙi, ba ya baƙanta gindin tukunya.

Abin da ya fi wutar daraja a wurin manomi shi ne wanda ke fita ta baya. Sinadarin da ke sa ganyen masara ya yi kore shar, wanda ake kira naitirojin, wanda kuma dominsa ake sayen buhun yuriya da tsada, ba ya bin iskar. Yana zama a cikin ruwan takin, har ma ya fi sauƙin sha ga saiwa bisa ga yadda ya shiga. Yawancin irin ciyawar da saniya ta haɗiye ya mutu a ciki, wari ya ragu, ƙuda ba su damu da shi ba. Amma fa in aka bar shi a fili rana tana dukansa, sinadarin yakan gudu. Sai a rufe shi da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa a inuwa, ko kuwa a kai shi lambu nan da nan a gauraya da ƙasa.

Mu zo ga lissafi, wanda shi ne ke raba mai gaskiya da mai zaƙin baki. Kilo 25 na ɗanyen kashin shanu yana ba da iska kimanin cikin duro 5 masu cin lita 200. Gida mai mutum shida ko bakwai yana bukatar ninki biyu na wannan kowace rana don girki, watau kashi kilo 50 da ruwa lita 50, jarka biyu ke nan. Saniya irin tamu ba ta wuce ta ba da wajen kilo 10 a yini, shi ma in tana ɗaure an tara duka. Ashe ke nan ana bukatar shanu wajen biyar a turke, da ruwa jarka biyu kullum, rani da damina, ranar kasuwa da ranar biki.

Mutanen Indiya suna cikin waɗanda suka fara mayar da wannan abu kayan gidan talaka. Su suna kiransa gobar gas, kuma kada mai karatu ya ji gobar ya zaci gobara, da harshensu kashin shanu ke nan. A shekarun 1950 wani mutum nasu, Jashbhai Patel, ya ƙera mai murfin ƙarfe kamar kifaffen duro, wanda ke tashi sama in iska ta taru, ya sauka in an yi girki. Yana aiki, sai dai ƙarfe da tsada, ga tsatsa. A shekarar 1984 aka fito da wani na bulo zalla mai araha, aka sa masa suna Dinbandu, watau abokin matalauta. Gwamnatinsu ta kafa shiri na ƙasa tun 1981, tana biya wa manomi wani kaso na kuɗin gini, tana horar da magina, har yawan waɗanda aka gina a gidaje ya kai wajen miliyan 5.

Labarin ƙasar Sin ya fi dacewa mu tsaya a kansa, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A shekarun 1970 hukuma ta ba da umarni ƙauyuka su haƙa, musamman a lardin Sicuwan, jama'a suka tashi haiƙan, kafin ƙarshen shekarun an gina wajen miliyan 7. Amma gaggawa aka yi, siminti bai isa ba, magina ba su ƙware ba. Ƙubba kuwa in ta tsage ko da kamar silin gashi ne, iskar ta sulale, mai gida yana ta zuba kashi yana jiran wutar da ba za ta zo ba. Cikin 'yan shekaru miliyoyi daga cikinsu suka zama ramukan banza. Sai da suka koma suka tsara awon gini, suka horar da masu gyara, sa'an nan abin ya miƙe, kuma daga 2003 gwamnati ta zuba kuɗi mai yawa har adadin ya haura miliyan 40. Duk da haka wata matsala ta sake ɓullowa, samari suka tafi birane neman aiki, gidaje suka daina kiwo, rijiyoyi da yawa suka rasa mai ciyar da su.

A nan Afirka, misalin da ya fi shahara daga Ruwanda yake. Bayan kisan ƙare dangi na 1994, gidajen kurkukun ƙasar suka cika da mutum fiye da 100,000. Ƙazantarsu tana gangarawa cikin ruwan da jama'a ke sha, dafa abincinsu kuma yana cinye daji. Daga shekarar 2001 masanan wata makarantar kimiyya da fasaha ta Kigali suka fara gina manyan ƙubbobi a ƙarƙashin ƙasa, aka haɗa su da makewayi, aka soma da kurkukun Cyangugu. Itacen da ake ƙonawa ya ragu da wajen rabi, takin ya tafi lambu, fursunoni da yawa kuma suka fita da sana'ar gini a hannu. A 2005 aikin ya sami lambar yabo ta Ashden a Landan. Abin lura a nan shi ne wurin yana da abinci mai yawa wanda ba ya yankewa, yana kuma da wanda aka ɗora wa alhakin kula da shi.

Yanzu sai mu dubi namu. Zafin ƙasarmu alheri ne ga wannan aiki, don halittun nan sun fi ƙwazo in ɗumi ya kusa na jikin saniya, ko da yake da hunturu iskar takan ragu. Ilmin ma yana kusa, Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1982, ta daɗe tana gwajinsa. Amma a ganinmu kuskure ne a ce kowane gida ya haƙa. Bafulatanin da ke tafiya da garkensa mashekari ba zai ɗauki rijiya a kai ba. Ƙauyen da mata ke kwana a bakin rijiya a watan bazara don tulu ɗaya, zalunci ne a ce su ba kashin shanu jarka biyu. Mai akuya uku kuma ba shi da abin da zai cika ta, ga kashin awaki da tauri, sai an jiƙa an farfasa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Waɗanda abin ya dace da su sanannu ne. Akwai mai shanun huɗa da mai kiwon turke wanda ke da rijiya ko famfo a gida, balle in yana da lambu kusa. Akwai masu tara madara da ke tsare shanu wuri ɗaya. Sa'an nan akwai kwata. Duk wanda ya bi ta bayan kwatar babban gari ya san tulin abin cikin tumbi da ake zubarwa kowace safiya, ya san warinsa, ya san inda ruwansa ke gangarawa da damina, alhali a gefe guda mahauta suna sayen itace don babbaka da tafasa ruwa, wasu ma har da tsohuwar taya suke yi, abin da ke cutar da su da masu cin naman. Haka makarantun kwana da ke kusa da kara, inda ake dafa wa ɗaruruwan yara abinci sau uku a yini. A nan ya kamata hukumomi da masu hali su fara, inda jama'a za su zo su gani da idonsu.

Lalle wani zai yi tambaya game da tsarki. A mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta, kamar saniya da tunkiya da akuya, mai tsarki ne muddin ba najasa take ci ba, don haka babu damuwa a kan rijiyar kashin shanu. Haɗa ta da makewayi irin na Ruwanda magana ce dabam, a kai ta gaban malaman gari tun kafin a sa diga a ƙasa, kada a gama kashe kuɗi mutane su ƙi cin abin da aka dafa.

Wanda ya yi niyya, kada ya ba da aikin ga kowane magini don ya iya ɗora bulo. Ya nemi wanda ya taɓa gina irinta, ya je ya ga wadda ya gina shekara biyu da suka wuce, ya ce a kunna a gabansa. In an gama tasa, a cika ta da ruwa a kwana a ga ko ya ragu, a hura mata iska a toshe a ga ko ta riƙe, kafin a biya sauran kuɗi. Kada a zuba mata ruwan sabulu ko na maganin ƙwari, ko kashin dabbar da ake yi wa allurar magani, domin suna kashe halittun da ke ciki. Ruwa yakan taru a bututu ya toshe hanya, sai a sa masa wurin tsiyayewa a inda ya fi gangare. In kuwa wata rana ta kama a shiga ciki don yashewa, a buɗe ta ta sha iska kwanaki, kada a leƙa da fitila ko ashana, kada kuma mutum ya sauka sai da igiya a ƙugunsa da mutum biyu a bakin rami, don iskar da ke ciki tana sumar da mutum kafin ya iya yin kira.