Yansun Da Gyambon Ciki: Darasi Daga Mai Wurno Ga 'Yan Kasuwar Kan Iyaka

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ratsa ƙasar Sudan ya san ba a raba mutanen can da kofin shayi. A tasha ko a bakin kasuwa za ka tarar da mata masu shayi da kwalabe jere a gabansu: ga citta, ga kirfa, ga hulba, ga zoɓo da suke kira karkade, ga kuma wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙamshi da ɗan zaƙi da ake kira yansun. Wannan na ƙarshe shi ne muka ɗauko a yau, domin ya shigo shagunan maganin gargajiya da na Musulunci daga Kano har Maraɗi, ana kuma yi masa kirarin cewa yana hana gyambon ciki, wato olsa. Tunda cikinmu akwai masu saye akwai masu sayarwa, ya kamata mu san iyakar gaskiyar wannan kirari.

Inda 'yan'uwanmu suka saba da shi

Garin Mai Wurno yana bakin Nil Azrak, wato reshen kogin Nilu da ke gangarowa daga Habasha, kudu da birnin Sinnar a kan hanyar Sinja. Sunan garin na wanda ya kafa shi ne, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya wanda Turawan Ingila suka kashe a yaƙin Burmi a shekarar 1903. Jama'ar da ta tsira ta ci gaba da hijira gabas, ta zauna a Sudan, daga baya kuma wasu Hausawa da Fulani masu tafiya aikin hajji a ƙasa suka riƙa yada zango a can. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aikin gonakin auduga na Jazira ya ƙara jawo mutanenmu, ƙauyukan Hausawa suka yawaita a yankin.

Zaman fiye da shekara ɗari ya sa sun ɗauki abubuwa da dama na maƙwabtansu, ciki har da shan yansun idan ciki ya kumbura, ko yana murɗawa, ko tari ya dame mutum. Shukar ba ta ƙasar Hausa ba ce. Asalinta gabashin tekun Bahar Rum ne, ana kuma noma ta sosai a Masar da Siriya da Turkiyya.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya ƙara wa irin waɗannan magunguna na gida daraja. Birnin Wad Madani ya faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, Sinja kuma a tsakiyar 2024, kafin sojoji su ƙwato Sinja a Nuwambar 2024 da Wad Madani a Janairun 2025. A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla kashi 70 cikin ɗari na asibitocin yankunan da ake faɗa ba sa aiki. Wanda ya rasa likita dole ya koma ga abin da ke cikin kwalbar ɗakinsa, ba mai ganin laifinsa. Amma wanda asibiti ke kusa da shi, ba shi da wannan uzuri.

Abin da masu bincike suka gano

Maganar cewa yansun yana kare ciki ba daga sama ta faɗo ba. A shekarar 2007 wasu masana na Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan ɓeraye. Sun ba su garin yansun da aka dama da ruwa, sannan suka ɗura musu sinadaran da ke ƙona bangon tumbi. Ɓerayen da suka sha yansun sun fi sauran tsira daga gyambo, ruwan tsamin cikinsu ya ragu, yauƙin da ke lulluɓe bangon tumbi kuma bai ƙare ba.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma gyambon da aka jawo da sinadari cikin 'yan sa'o'i daban yake da wanda ɗan kasuwa ya shekara yana fama da shi. Gwajin da aka yi a kan mutane shi ne na birnin Isfahan a Iran, wanda aka wallafa a 2015. An ba masu fama da nauyin ciki da rashin narkewar abinci giram 3 na garin yansun bayan kowane cin abinci har mako huɗu, suka kuma ji sauƙi fiye da waɗanda aka ba garin da babu magani a cikinsa. Amma a lura, waɗannan mutane ba masu gyambo ba ne. Ita ma hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai abin da ta yarda da shi ke nan: yansun maganin gargajiya ne na kumburin ciki da iska da ƙaramar murɗa, da kuma tarin mura. Ba ta sa gyambon ciki a lissafin ba.

To mene ne ke kawo gyambon?

Yawancinmu mun taso da jin cewa zama da yunwa da cin yaji da yawan tunani su ne ke kawo olsa. Gaskiya suna tayar da zafin, amma ba su ne tushen cutar ba. A shekarar 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta da ke rayuwa a bangon tumbi, wadda aka sa wa suna Helicobacter pylori. A Sudan jarsuma ake ce mata. Da takwarorinsu suka ƙi yarda, Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984, cikinsa ya kamu. A 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da wannan ƙwaya, galibi tun suna yara ta shige su ta hanyar ruwa ko abinci marar tsabta, kodayake ba kowa take yi wa gyambo ba. Tun 1994 aka sa ta cikin jerin abubuwan da ke jawo sankarar tumbi. Ba a kashe ta da shayi. Maganinta haɗi ne na masu kashe ƙwayar cuta aƙalla iri biyu tare da mai rage ruwan tsami irin su omeprazole, na kwana 10 zuwa 14, a bisa rubutun likita, kuma sai an shanye duka.

Dalili na biyu ya fi shafar mu 'yan hanya. Direban babbar mota da ɗan dako da mai kwana a kan buhuna a layin kwastan, kowa ya san ƙwayoyin ciwon jiki da 'yan tallar magani ke ƙulla wa mutum a leda. Cikinsu akwai diclofenac da ibuprofen da piroxicam da asfirin. Waɗannan suna rage yauƙin da ke kare bangon tumbi, musamman in ana haɗa biyu ko uku kullum. Wanda ke haɗiyarsu safe da yamma sannan ya kora da yansun yana cewa rigakafi yake yi, tamkar mai ɗiban ruwa ne da kwando. Taba sigari ma tana hana gyambo warkewa. Madara da kanwa kuwa kwantar da zafin suke yi na ɗan lokaci, gyambon yana nan inda yake.

Yadda za a sha, da yadda za a sayar

Wanda ke son yansun don kumburin ciki ya ɗauki ƙaramin cokali ɗaya, ya ɗan daddaka, ya zuba tafasasshen ruwa kofi guda, ya rufe kamar minti goma don kada ƙamshin ya gudu, domin amfanin yana cikin man da ke ba da ƙamshin. Sau uku a rana ya isa. In an yi mako biyu ciwo bai tafi ba, a nemi asibiti. Mai juna biyu da mai shayarwa da ƙananan yara kada su mayar da shi magani sai da shawarar likita.

Ga masu sarin kaya kuma, akwai wani ɗan itace mai siffar tauraro da ke zuwa daga Sin, ƙamshinsa ɗaya da yansun amma shukar daban ce. Yana da wani ɗan'uwa na Japan mai guba, wanda da wuya ido ya bambance su in sun bushe. A shekarar 2003 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a da su guji shayin mai tauraron bayan da mutane, har da jarirai, suka kamu da amai da jijjiga. Kada a karɓi garin da ba a san asalinsa ba, a sayi ƙwaya a gani da ido, kuma kada a ɗura wa jariri.

Sannan mai shago ya riƙe amana. Faɗa wa mai saye cewa yansun na kwantar da ciki gaskiya ce, kuma ta isa ta sayar da kaya. Amma ce masa zai warkar da olsa na iya sa ya zauna a gida har gyambon ya huda tumbi. Ribar mudu ɗaya ba ta kai ran mutum ba.

Alamomin da ba a jira

Idan bayan gida ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ko aka yi aman jini, ko aman ya fito kamar dusar gahawa, to gyambo ne ke zubar da jini. Idan ciwo mai tsanani ya sari mutum farat ɗaya, ciki ya ƙame kamar katako, wataƙila tumbi ya huje, aikin tiyata ne cikin gaggawa. Haka nan rama ba dalili da wahalar haɗiye abinci, musamman ga wanda ya manyanta. A irin wannan hali a rufe rumfa, a bar kaya hannun amintacce, a nufi asibiti mafi kusa ko da na tsallaken iyaka ne.

Wanda zafin ƙirji da na bakin ciki ya daɗe yana damunsa, ya nemi a yi masa gwajin ƙwayar, ana yi da bayan gida, ya kuma gaya wa likita duk magungunan da yake sha, domin wasu na ɓoye ta a gwaji. 'Yan'uwanmu na Mai Wurno da ƙauyukan Jazira muna roƙon Allah Ya ba su zaman lafiya mai ɗorewa. Mu kuma da ke Jibiya da Illela da Ƙonni da Maigatari, mu sha yansun don abin da aka san shi da shi, mu bar wa likita abin da yake nasa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.