Jamus a Allon Wasa: An Goge Tambari, An Bar Tanka

Mai ƙera wasan dabarun mulki da yaƙi na kwamfuta dole ne ya matse kowace al'umma cikin abubuwa kaɗan: shugaba guda, rundunar soja guda, gini guda. A jerin wasannin Civilization, wanda ya fara fitowa a 1991, Jamus ta samu Frederick na Purusha da Otto von Bismarck, sannan a kashi na shida aka kawo Sarki Barbarossa na ƙarni na 12. Makamin da aka daɗe ana ba ta kuwa tankar Panzer ce, daga baya jirgin yaƙi mai nutso. Ƙasar Luther da Bach da maɗaba'ar Gutenberg ta koma masana'anta mai tuƙa tanka.

Tarihin Jamus ɗin kansa yana da hannu a wannan. Sai a watan Janairun 1871 ta zama ƙasa ɗaya, lokacin da aka naɗa sarkin Purusha sarkin sarakuna a fadar Versailles. Kafin nan ɗaruruwan masarautu ne da birane masu cin gashin kansu ƙarƙashin wata daula mai sako-sako da ta rushe a 1806. Mai ƙera wasa ba shi da wurin wannan tarkace, sai ya kama igiyar Purusha: horo, soja, ƙarfe. Mutumin Bavariya ko ɗan kasuwar Hamburg da wuya ya ga kakanninsa a hoton. Ko Europa Universalis IV, wanda ya fara daga 1444 kuma ya zana waɗannan ƙananan ƙasashe da kyau, lada yake bai wa wanda ya haɗiye maƙwabtansa har ya kafa Jamus, kamar dai ƙarnuka huɗu duk shirin zuwan Bismarck, wanda ya haɗa kan ƙasar, ake yi.

Kasuwa ma ta taimaka. Yaƙin Duniya na Biyu yana sayar da wasa, kuma manyan masu ƙera irin waɗannan wasanni Amurkawa ne da 'yan Suwidin. Al'adar wasan yaƙi da suka gada ta sha ruwa sosai daga littattafan janar-janar ɗin Hitler, irin su Heinz Guderian da Erich von Manstein, waɗanda suka rubuta tarihin rayuwarsu a shekarun 1950 suna nuna cewa su ƙwararrun sojoji ne kawai, ta'asar kuma aikin wasu ce. Jamusawa sun rusa wannan tatsuniya a gida, musamman bayan baje kolin laifuffukan rundunar sojan Hitler da aka buɗe a Hamburg a 1995. A allon wasa kuwa tana nan da ranta.

Abin mamaki, dokar da aka yi don hana ɗaukaka 'yan Nazi ta ƙara mata kwana. Sashe na 86a na kundin laifuffukan Jamus ya haramta nuna tambarinsu, amma an keɓe fasaha da ilimi da koyarwa, shi ya sa fina-finai ke nuna shi. A 1998 wata babbar kotu a Frankfurt ta yanke hukunci kan wasan Wolfenstein 3D, aka fahimci cewa wasannin kwamfuta ba su shiga keɓewar ba. Shekara 20 kamfanoni suna goge-goge. A bugun Jamus na Wolfenstein II na 2017, wanda wasan harbi ne, har gashin bakin Hitler aka aske, aka sauya masa suna. A Hearts of Iron IV na kamfanin Paradox, tutar Jamus ba ta ɗauke da tambarin, kuma a bugun Jamusawa an duhunta hoton Hitler.

To me ya rage bayan gogewar? A Hearts of Iron IV, ɗan wasa ya karɓi Jamus a 1936, ya gina masana'antu, ya haɗiye Ostiriya da Cekosulobakiya, ya afka wa Foland. Kisan Yahudawa miliyan 6 ba ya cikin tsarin wasan. Fursunonin yaƙin Sobiyet wajen miliyan 3 da suka mutu a hannun Jamusawa ba su da gurbi. Wannan giɓi yana ɓata lissafin yaƙin kansa, domin a 1944 baƙi sama da miliyan 7, mafi yawansu na aikin dole, su ke riƙe da gonaki da masana'antun Jamus. Wanda ya kwashe awoyi ɗari yana wasa zai iya fita da imanin cewa injin yaƙin nan da basira tsagwaronta yake tafiya, kuma da an gyara wasu kurakurai biyu da an ci Mosko. An share ɗakin ne aka tura sharar ƙarƙashin tabarma.

Hujjar kamfanonin ba ta banza ba ce. Wasa ba fim ba ne. Mai kallo shaida ne, ɗan wasa kuwa shi ke danna maɓalli. Da an mayar da sansanonin kisa wani abin da ake ginawa don samun riba, da an ƙera kayan nishaɗin masu tsattsauran ra'ayi. Sai dai zaɓin bai tsaya tsakanin maɓallin kisa da yin shiru ba. Ana iya sa abin ya riƙa faruwa ba da izinin ɗan wasa ba, matuƙar ya zaɓi wannan gwamnati, ya ga rahotonsa, ya ga masana suna gudun hijira, ya ga tawaye na ƙaruwa a yankunan da ya mamaye. A maimakon haka, Paradox ta fi karkata ga buɗe ƙofar tsira: tun 2018 ɗan wasa zai iya tumɓuke Hitler ya dawo da Kaiser, wato sarkin sarakuna, ya ci gaba da mamaya da zuciya fara.

A watan Agustan 2018 hukumar tace wasanni ta Jamus, USK, ta fara duba kowane wasa a kan kansa. Cikin na farko da suka amfana akwai Through the Darkest of Times na wani ƙaramin kamfani a Balin, inda kake jagorantar 'yan tsirarun masu adawa daga 1933, kana neman takarda da fenti da amintattu, kuma ba za ka taɓa hana yaƙin ba. Tambarin yana nan, amma ba wanda zai gama wasan yana sha'awarsa. Su kansu Jamusawa, idan suka ƙera wasan dabara, gini da fatauci suka fi so, kamar Die Siedler na 1993 da Anno 1800 na 2019.

Akwai kuma shirun da ba a cika magana a kansa ba. Bismarck ɗin da ke gaisawa da ɗan wasa cikin fara'a a Civilization shi ya karɓi baƙuncin taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka tsara ƙa'idojin mamaye Afirka. Sojojin Jamus ne suka murƙushe rundunar Lamiɗo Zubairu na Adamawa a Marwa ta Kamaru a 1902, kuma daga 1904 suka yi wa ƙabilun Herero da Nama na Namibiya kisan da gwamnatin Jamus ta amince a 2021 cewa na ƙare dangi ne. Babu dokar da ta taɓa hana nuna wannan, amma a yawancin wasannin Kamaru da Namibiya filaye ne da ake shafa wa launin Jamus idan an tara isassun maki.