Daga Katsina Zuwa Mashi a Kan Tebur: Abin da Simileta Ke Koyarwa da Abin da Ba Ta Iyawa

Idan ka hau mota daga Katsina za ka Daura, sai ka ratsa ta Mashi. A ƙaramin jirgin sama, daga filin jirgi na Umaru Musa 'Yar'adua zuwa saman garin Mashi tafiyar minti 10 ce ko kusa da haka. Yau kana iya yin wannan tafiya kana zaune a ɗakinka, da kwamfuta ko ma da waya, ta amfani da manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi, wadda masu harkar ke kira simileta.

Tambayar da ake yawan yi mana ita ce: wannan abu wasan yara ne, ko kuwa da gaske mutum na koyon tuƙi da shi? Amsar tana da rassa biyu. Simileta tana koyar da kai halin iska da ƙa'idar aiki, kuma tana yin hakan da kyau. Amma akwai darasi guda da ba ta iya koya wa jikinka, kuma shi ne ya fi hatsari. Bari mu yi tafiyar tare ka gani.

Me kwamfutar ke lissafawa?

Abin da ke riƙe jirgi a sama shi ne iskar da fukafukansa ke tunkuɗawa ƙasa. Ƙarfin ɗagawar ya dogara da abu huɗu: faɗin fiffike, yadda fiffiken ya karkata ga iskar da ke tunkarar sa, gudun jirgi, da kaurin iskar. Gudu ya fi sauran tasiri, domin idan ka ninka shi sau biyu, ƙarfin ɗagawa ninkuwa yake sau huɗu.

Wannan lissafin kwamfutar ke maimaitawa sau da yawa a kowace daƙiƙa. Manhajar X-Plane, alal misali, takan yanka fiffike gunduwa-gunduwa a lissafe, ta auna ƙarfin iska a kan kowace gunduwa, sannan ta haɗa su ta ga inda jirgin zai dosa. Wato ba bidiyo ake kunna maka ba. Idan ka ja hanci sama fiye da kima, iska za ta daina bin bayan fiffike, jirgin ya sulmiyo, kamar dai yadda na gaske zai yi.

Tashi daga Katsina

Zaɓi Cessna 172, ƙaramin jirgi mai inji ɗaya da kujeru huɗu, wanda makarantun koyon tuƙi da yawa a duniya ke amfani da shi. Da ka ba shi wuta, abu na farko da zai ba ka mamaki shi ne jirgin zai fara kaucewa hagu, alhali ba ka taɓa komai ba. Kusan duk sabon shiga sai ya zaci sandar tuƙinsa ce ta lalace. A'a, farfela ce. Tana juyawa ta gefe ɗaya, iskar da take murɗowa baya tana bugun jelar jirgin, sai hanci ya karkata hagu. Maganinsa taka fedar dama. Idan ma'aunin gudu ya kai not 55, wato kamar kilomita 100 a awa, sai ka ja sanda a hankali.

Kafin ka tashi, lura da lambar da ke rubuce a bakin titin jirgin. Ba lambar ado ba ce, alkiblar titin take nunawa. Babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano 06 ne ta baki ɗaya, 24 ta ɗaya bakin, ma'ana digiri 60 da digiri 240 a kamfas: arewa maso gabas da kudu maso yamma. Me ya sa? Jirgi ya fi son ya tashi yana fuskantar iska, kuma iskar ƙasarmu hanya biyu gare ta. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina kuma daga kudu maso yamma. Abin da manomi ya sani da ka, shi injiniya ya shimfiɗa da kwalta.

Gwaji na farko: zafin bazara

Ka san bambancin kunu mai kauri da tsinkakke. Iska ma haka take. Idan ta yi zafi sai ta buɗe, ƙwayoyinta su yi nesa da juna, ta tsinke. Haka kuma idan aka hau tudu. Katsina tana kimanin mita 500 sama da teku. A ma'aunin da masu jirage suka yarda da shi, zafin bakin teku digiri 15 ne, kuma yana raguwa da digiri 6.5 a kowace kilomita ɗaya ta hawa. Ke nan abin da ake sa rai a tsayin Katsina bai kai digiri 12 ba. To mu kuwa da azahar a watan Afrilu digiri 40 ba labari ba ne.

Idan ka haɗa tudun da zafin, kaurin iskar ya ragu da kusan kashi 13 cikin ɗari a kan na bakin teku. A wurin jirgi, tamkar an ɗauke filin an ɗora shi a kan dutse mai tsayin mita 1,500. Fiffike ya sami ƙarancin abin tunkuɗawa, farfela ta sami ƙarancin abin kamawa, inji kuma ya sami ƙarancin iskar ƙona mai.

Gwada da kanka. Saita zafi a digiri 15, kamar safiyar Janairu, ka tashi, ka lura da inda tayoyi suka bar ƙasa. Sake saita shi a digiri 40. Ma'aunin gudu zai nuna maka not 55 ɗin nan dai, amma titin da za ka ci kafin ka kai shi zai ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar, hawan kuma ya yi nawa. Shi ya sa a ranar zafi matuƙi kan rage kaya ko mai. Ba tsoro ba ne, lissafi ne.

Gwaji na biyu: ina Mashi ta shiga?

Daga filin jirgin Katsina, Mashi tana gabas kusan sak, tazarar kilomita 30 da 'yan kai. Ka daidaita kamfas a gabas, ka riƙe shi minti 10, ka leƙa ƙasa. Idan babu iska, ga gari nan. Yanzu saka iskar hunturu, a ce rabon da ke bugun ka ta gefen hagu kilomita 20 ne a awa. Hancin jirgi yana kallon gabas, kamfas bai motsa ba, amma cikin minti 10 iskar ta ɗauke ka fiye da kilomita 3 zuwa kudu. Kamar mai tsallaka kogi da kwalekwale ne: in yana son ya sauka a mashigin da ke gabansa, dole ya karkata baki wajen da ruwa ke fitowa. Kai ma sai ka karkata hanci 'yan digirori zuwa arewa.

A nan simileta gwana ce. Microsoft Flight Simulator, wadda ta fara fitowa a 1982, a fitowarta ta 2020 ta gina duniya gaba ɗaya daga hotunan taswirar Bing, kuma tana iya jawo yanayin sama na ainihin lokacin da kake ciki ta intanet. Za ka ga titin Katsina zuwa Daura ya miƙe, da gonaki da ƙoramu, ka bi su kamar yadda matuƙi ke bi. Gidajen kuwa kwamfuta ce ta kintata su daga hoto, saboda haka kada ka nemi zauren gidanku, ba za ka gane shi ba.

Gwaji na uku: hazo, da iyakar simileta

Yawancin ƙurar hunturunmu daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, kuma idan ta yi kauri har jirage kan fasa sauka a Kano. Rage nisan gani a manhajarka zuwa kilomita ɗaya. Nan take ƙasa da sama za su haɗe su zama launi ɗaya. Ba ka da sauran abin dogaro sai agogunan da ke gabanka: na gudu, na tsayi, na alkibla, da wanda ke nuna ko jirgi a kwance yake daidai ko ya karkata.

Da ɗan naci za ka iya, har ka ce ashe abin ba wuya. To a nan ne tarkon yake. A cikin kunnenka akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko kana juyawa. Idan jirgi ya karkata sannu a hankali, ba sa ji. Idan kuma ya daɗe yana juyi, kamar daƙiƙa 20, ruwan sai ya daidaita, su ce maka a miƙe kake. Da ka gyara jirgin, sai su ce ka karkata ɗaya gefen. Duk wanda ya yi hajijiya yana yaro ya san yadda ƙasa ke ci gaba da juyawa bayan ya tsaya. A cikin hazo, jikinka zai rantse maka agogo ƙarya yake, alhali jikin ne maƙaryacin. Binciken hatsarin da ya kashe John F. Kennedy ƙarami a Amurka a 1999, cikin dare mai hazo a saman teku, a kan wannan ruɗewar ya tsaya.

A ɗakinka kujera ba ta motsi, kunnenka bai taɓa yi maka gardama ba. Ka koyi karanta agogo, amma ba ka koyi gaskata shi a lokacin da jikinka ke ƙaryata shi ba. Wannan matsala tsohuwa ce. Tun a 1929 Edwin Link ya ƙera akwatin koyon tuƙi mai motsi, da zugazugin da ya samo daga masana'antar kayan kiɗa ta mahaifinsa, kuma an horar da dubban matuƙa da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Manyan similetocin kamfanonin jirage na yau a kan ƙafafu shida masu motsi suke tsaye saboda wannan dalili. Haka kuma awannin da ka yi a kwamfutar gida ba sa shiga lissafin lasisi. Wannan sai a makarantar da hukuma ta amince da ita, irin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964.

In kana son farawa

Ba sai da kayan miliyoyi ba. FlightGear kyauta ce, kuma bayan ka sauke taswirar yankinka ba ta buƙatar intanet. X-Plane tana da ta waya. Microsoft Flight Simulator ta fi kyan gani, amma tana son kwamfuta mai ƙarfi, tana kuma shan data kamar ruwa, ga batun wuta. In kuɗi ɗaya gare ka, sayi sandar tuƙi, domin tuƙi da madannai wahala ce kawai. Idan hannunka ya faɗa, akwai VATSIM, inda mutane na gaske ke zaman masu kula da zirga-zirgar jirage, ka nemi izinin tashi da sauka da bakinka, da irin Turancin da ake yi a hasumiya.

Shawararmu ita ce ka riƙe jirgi ɗaya da hanya ɗaya: Katsina, Mashi, Daura, ka juyo. Kowace rana canza abu guda tak, yau zafi, gobe iska, jibi hazo, ka rubuta abin da ya sauya a littafi. Haka ake gwaji a kimiyya, kuma haka ɗalibin da ke mafarkin zuwa Zariya zai isa can da kai cike da tambayoyi masu kyau. Sauran darasin, na kunne, ka bar wa malami da jirgi na gaske.