MAHMUDIYYA: JIRGIN YAƘIN DAULAR USMANIYYA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bayan haka, ya mai karatu, ka sani cewa a shekarar 1827 jiragen Ingila da Faransa da Rasha suka haɗu suka ragargaza rundunar ruwa ta Daular Usmaniyya da ta Masar a Nabarino, gaɓar ƙasar Girka. Sarki Mahmudu na Biyu bai tsaya juyayi ba, sai ya umarta a ƙera sababbin jirage. A 1829 aka kammala mafi girmansu a maƙerar sarki ta Santambul, aka raɗa masa suna Mahmudiyya.

Tsawonsa ya kai mita 76, faɗinsa mita 21. Da katako aka yi shi, hawa uku, kowane hawa da jerin igwa masu leƙowa ta tagogi a dama da hagu, jimlarsu 128. Mutum 1,280 ke aiki a cikinsa, wato jama'ar ƙauye guda ke nan a kan teku. Ya daɗe babu jirgin yaƙin da ya kai shi girma a duniya. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne, magina biyu Musulmi, Muhammadu Kalfa da Muhammadu Afandi, su suka tsara shi.

Sai dai jirgi amana ne a hannun wanda aka danƙa wa. Da Sarki Mahmudu ya rasu a 1839, sai shugaban rundunar ruwa, Ahmadu Fauzi Basha, ya kwashi jiragen duka, har da Mahmudiyya, ya kai su Iskandariyya ya miƙa wa Muhammadu Ali na Masar, wanda ke yaƙi da daular a lokacin. Subhanallahi! Daga baya aka mayar da su.

A yaƙin Kirimiya ya halarci harin da aka kai wa Sebastofol a 1854, aka kuma ba shi laƙabin Gazi, wanda bisa al'ada jarumawan mazaje ake ba.

To, amma da iska yake tafiya, zamani kuwa ya riga ya koma na tururi. An yi niyyar sa masa inji, da aka duba sai aka tarar katakonsa ya ruɓe, aka fasa. A 1874 aka sallame shi daga aiki, aka wargaza shi a Santambul.