Ƙananan baburan roba: Fentin da ake yi da tsinken sakace

Mota tana ɓoye injinta a ƙarƙashin bonet, amma babur komai nasa a fili yake. Shi ya sa masu haɗa ƙananan baburan roba na ado suka fi shan wahala wajen fenti.

Kamfanin Tamiya da ke birnin Shizuoka na ƙasar Japan ya yi fice wajen ƙera irin waɗannan babura a ma'aunin 1/12, wato babur mai tsawon mita 2 ya koma kimanin santimita 17. A wannan girman, kan noti bai kai ƙwayar gero ba. Buroshi kan yi masa yawa, don haka sai a tsoma bakin tsinken sakace a fenti ruwan azurfa, a ɗiga sau ɗaya.

Salansa ce ta fi cin lokaci. Bayan an yi mata launin ƙarfe, akan fesa shuɗi da ruwan lemo masu shara-shara a inda ta lanƙwasa, domin ta yi kama da ƙarfen da zafin inji ya ƙona. Hannu ya yi nauyi kaɗan, ta koma kamar kayan wasan yara.

Akwai kuma baƙin fenti mai ruwa-ruwa da ake zuba wa tsakanin haƙarƙarin inji don zanensa ya fito. Haɗarinsa shi ne sinadarin da aka tsinka shi da shi kan sa roba ta yi gautsi, ƙaramin sashe ya tsage bayan an kwashe kwanaki ana aiki a kansa.