Yadda ake sassaƙa wa tsohuwar tarakta kan giya na katako

Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, har yau tana huɗa a gonaki, amma sau da yawa akan tarar baƙin ƙwallon da ke kan sandar giya ya fashe ko ya ɓace. Sandunan biyu ne, ɗaya ta canja giya, ɗaya ta zaɓen babban gudu ko ƙarami. Ƙwallo biyu ke nan za a sassaƙa, kuma gara su bambanta da siffa don hannu ya gane su ba sai an duba ba.

A fara da itace. Kirya ce zaɓina, saboda taurin da ya sa ake sassaƙa turmi da ita. Maɗaci ma yana yi. Sai dai lallai ya bushe sarai, domin ɗanye yana shan hunturu ɗaya zai tsage. A yanko guntu wanda ya ɗan fi cikin tafin hannu, jijiyoyinsa na bin tsawon sandar.

Huji ake fara yi kafin sassaƙa, kuma nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki. A nemo notin da ya hau bakin sandar daidai, a huda gindin itacen, a dasa notin da gam mai ƙarfi irin Araldite, a bar shi ya kwana. Dalili kuwa, katako ba ya riƙe ƙarfe shi kaɗai; girgizar injin dizal za ta cinye ramin har ƙwallon ya riƙa rawa. Idan gam ya kama, sai a ɗaura notin a kan ƙusa mai zare, a ɗamke ta a bakin injin da ke juya katako. Ta haka ƙwallon zai fito da raminsa a tsakiya cif.

A kunna injin a hankali, a naɗe hannun riga, a kare idanu. A rage kusurwoyi tukuna, sannan a ƙara gudu a fitar da siffa, ana tsayawa ana gwadawa a tafi. Ado kaɗan ya isa: layi biyu da aka ƙona da siririyar waya yayin da itacen ke juyawa. Zane mai zurfi yana tara dauɗa, yana kuma sa wa direba kanta.

Daga nan sai samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, a goge da kakin zuma, a kuma sake shafawa kafin kowace damina.